Yadda Ake Gina Tsoro a Fim: Ra'ayin Ɗalibi a Kan Fina-finan Ban Tsoro da na Zullumi

  

  

An nemi in yi magana a kan fina-finan ban tsoro da na zullumi, da dabarun da masu shirya su suke bi. Abin da zan faɗa ra'ayin ɗalibi ne da ya kalla, ya maimaita kallo, ya kuma bibiyi abin da masu sana'ar suka faɗa game da aikinsu. Malamai suna nan, duk inda magana ta karkace za su miƙar da ita.

Mu fara rarrabe su. Fim ɗin ban tsoro shi ne na aljanu da fatalwa da dodanni da mahaukacin mai kisa, wanda burinsa tsigar jikinka ta tashi. Fim ɗin zullumi kuwa shi ne mai hana ka tashi daga kujera, kana ta tambayar kanka: za a kama shi? Za ta tsira? Wane ne ya yi kisan? Sau da yawa babu aljani ko ɗaya a cikinsa, sai ɗan sanda da ɓarawo da mai leƙen asiri. Na haɗa su a lacca ɗaya ne domin kayan aikinsu ɗaya ne. Ra'ayina kuma, wanda zan kare a gabanku, shi ne: tsoro a fim gina shi ake yi, kuma yawancin ginin a cikin kan mai kallo ake yin sa. Darakta gwani abin da yake juyawa shi ne me ka sani, me ka gani, me ka ji, kuma a yaushe. Kuɗi da jini suna can baya.

1. Abin da mai kallo ya sani

Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya yi yawancin manyan ayyukansa a Amurka, ya taɓa ba daraktan Faransa François Truffaut wani misali a hirar da suka yi a 1962. Mutum biyu suna zaune suna hira, akwai bam a ƙarƙashin teburinsu, mai kallo bai sani ba. Bam ya tashi, mai kallo ya zabura na ɗan lokaci, shi ke nan. To, a sake shirin. A nuna wa mai kallo an ɗana bam ɗin, a nuna masa lokacin da zai tashi, a bar agogo a bango yana gani. Hirar nan dai ita ce, ba a canja ko kalma ɗaya ba, amma yanzu mai kallo ji yake kamar ya shiga cikin allon ya ce musu su tashi. A lissafin Hitchcock, hanya ta farko daƙiƙa goma sha biyar ta razana take bayarwa, ta biyun kuwa minti goma sha biyar na zullumi.

'Yan'uwa, ku lura da abin da ya faru a nan. Ba a ƙara ko sisi a kuɗin fim ba. Sirri kawai aka ba mai kallo, aka hana jarumi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya ji ana yi wa akta ihu, ana cewa ya waiwaya ga bos nan a bayansa, ya ga wannan dabara tana aiki.

Wanda ya kalli A Quiet Place na John Krasinski, na 2018, zai tuna ƙusar nan. Iyali ne suke rayuwa ba magana sai da hannu, ba takalmi, suna taka yashin da suka shimfiɗa a hanya, domin halittun da suke farautarsu makafi ne, da sauti suke kama mutum. Sai aka nuna mana wata ƙusa ta miƙe tsaye a kan matakalar da ke sauka ƙarƙashin gida. Aka bar mu da ita. Uwar gidan tana da tsohon ciki, kuma mun san ta wannan matakala take bi. Tun kafin ta taka mun gama jin zafin a tafin ƙafarmu. Ƙusa ɗaya, nawa ce kuɗinta?

Kishiyar wannan ita ce razanarwa ta ba-zata: ana shiru sai a buga ƙara, wani abu ya faɗo gaban kyamara. Ita ma tana da tarihi. A Cat People na 1942, wanda Val Lewton ya shirya, Jacques Tourneur ya ba da umarni, wata mace tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin takun wani a bayanta. Takun ya ɗauke. Tana waige-waige, sai wani huci kamar na damisa ya cika kunne, ashe motar bas ce ta taka birki a gabanta. Wannan ta yi kyau domin an ɓata lokaci ana ɗaure mai kallo kafin a sake shi. Abin da ban so shi ne fim ɗin da ba shi da komai sai wannan, kowane minti biyar a buga maka gwangwani a kunne. Yaro ma zai iya laɓewa a bayan ƙofa ya razana ka. Ka zabura, gaskiya ne, amma da ka fita daga ɗakin kallo ka manta.

2. Abin da aka ɓoye

A nan zan daɗe, domin a nan ne zuciyar maganar take.

A lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, an ƙera masa kifin shak na inji da zai riƙa cinye mutane a gaban kyamara. Ya dage sai a teku na gaske za a yi aikin, a gaɓar tsibirin Martha's Vineyard. Ruwan gishiri ya riƙa lalata injin, kwanaki suna wucewa, kuɗi yana ƙarewa, kifi ya ƙi aiki. Dole ta sa ya nemi wata hanya. Ya sa kyamara a ƙarƙashin ruwa ta zama idon kifin, tana kallon ƙafafun masu iyo daga ƙasa. Ya nuna katakon gada da kifin ya fizge yana juyowa yana bin mutum. Ya nuna gangunan roba masu ruwan ɗorawa da aka harba a jikin kifin suna gudu a saman ruwa, su nutse, su sake ɓullowa. Ba a ga kifin sosai ba sai da fim ya haura awa guda. Spielberg da kansa ya sha faɗa cewa lalacewar injin ce ta gyara fim ɗin. Me ya sa? Domin kowane mai kallo ya ƙera nasa kifin a cikin kansa, kuma babu injiniyan da zai ƙera wanda ya kai wannan muni.

The Blair Witch Project na 1999 ya kai abin ƙarshe. Ɗalibai uku sun shiga daji da kyamara suna binciken labarin wata mayya, suka ɓace. Daga farkon fim har ƙarshensa ba a nuna mayyar ba, ko inuwarta. Tarin duwatsu ake gani a bakin tanti da safe, da ƙirare da aka ɗaure aka rataye a bishiya, da muryoyi daga nesa cikin dare. An ɗauki fim ɗin da kuɗi kaɗan, ya dawo da kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity na Oren Peli, na 2007, a gidan daraktan aka ɗauke shi da kimanin dala 15,000. Kyamara tana kafe a ɗakin barci, mutum biyu suna kwance, ƙofa ta ɗan motsa da kanta. Iyakar abin ke nan a fitowa guda, amma mutane sun riƙa ƙanƙame juna a sinima.

Ko a zamanin da fim ba ya magana, Jamusawa sun gane wannan. A Nosferatu na F. W. Murnau, na 1922, hoton da ya fi zama a zukatan mutane shi ne inuwar dodon tana hawa bene, da zaƙo-zaƙon farce, tana miƙa hannu zuwa ƙofa. A The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 kuwa, inuwa da haske da fenti aka zana su a bango da ƙasa, gidaje a karkace, tituna a murɗe, domin mai kallo ya ji duniyar ba ta zauna daidai ba.

Mu Hausawa ai ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Wace kaka ce ta taɓa tsayawa ta siffanta Dodo dalla-dalla a tatsuniya, ta faɗi tsawonsa da launin idonsa? Murya kawai take saukarwa, ta ja numfashi, ta yi shiru kaɗan, yara su matso jikinta. Kowane yaro da nasa Dodon. Kuma ba a yin tatsuniya da rana, sai duhu ya shiga ya taya ta aiki. Abin da Spielberg ya koya a teku bayan ya yi asarar kuɗi, tsofaffinmu sun daɗe suna yin sa a tsakar gida.

3. Sauti

Ina roƙon kowa ya gwada wannan in ya koma ɗaki. Ka ɗauko fitowar da ta fi ba ka tsoro a kowane fim, ka kashe sautin, ka kalla. Za ka ga rabin tsoron ya tafi, wani lokaci har da ƙari. Sannan ka juya: ka rufe ido ka saurara. Za ka ji tsoron yana nan.

A Psycho na 1960, Hitchcock da farko ya so a bar fitowar kisan banɗaki ba kiɗa. Mai tsara kiɗan, Bernard Herrmann, ya rubuta nasa duk da haka, ya kunna masa, Hitchcock ya sauya ra'ayi. Kayan kiɗa masu tsirkiya kaɗai aka yi amfani da su a fim ɗin gaba ɗaya, kuma a wannan wuri suna ƙara ne kamar ihu. Ƙarar shigar wuƙa kuwa, wani irin kankana aka riƙa soka wa wuƙa a gaban makirfo. A Jaws, mai tsara kiɗan, John Williams, amo biyu kacal ya riƙa maimaitawa, a hankali, sannan da sauri, har mai kallo ya koyi cewa in ya ji su kifi ya kusa. Da ya gama koyar da mu haka, sai kifin ya fito a wani wuri ba kiɗa ko kaɗan. Ka ga an gina maka ƙa'ida ne domin a karya ta a kanka.

Wanda ya fi burge ni shi ne na The Shining na Stanley Kubrick, 1980. Ƙaramin yaro yana tuƙa kekensa mai ƙafa uku a dogayen barandun wani otal da babu kowa. In ya hau katako, ƙafafun keken su yi ƙara, in ya hau kafet su yi shiru. Ƙara, shiru, ƙara, shiru. Babu kiɗa, babu dodo, amma kana jin duk kwanar da zai sha akwai abin da ke jiran sa. Shiru ma sauti ne a hannun wanda ya iya. Darakta mai tsoron shiru, wanda yake cika kowace daƙiƙa da kiɗa, bai yarda da hotonsa ba ne.

4. Kyamara da tacewa

Mu koma banɗakin Psycho. Kisan bai kai minti guda ba a allo, amma an yi kimanin mako guda ana ɗaukar fitowar. An kafa kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52, har an yi wani fim na musamman a 2017 da aka raɗa wa suna da waɗannan lambobi biyu. Ba a nuna rauni ko ɗaya a jikin jarumar, Janet Leigh, ba. Jinin da ke gangarawa cikin ruwa narkakken cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi-da-fari ne. Hannu ya ɗaga, baki ya buɗe, ruwa yana zuba, wuƙa ta sauko, sai ƙwaƙwalwarka ta haɗa su ta ce maka ka ga an soke ta. Tun wajajen 1920 Lev Kuleshov ya nuna haka a Rasha: ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna daban-daban, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can. Ma'ana tana fitowa ne daga abin da edita ya jera kusa da juna.

Akwai kuma ƙarfin halin da Hitchcock ya yi a labarin. Janet Leigh ce tauraruwar da aka zo kallo, sai ya kashe ta kafin fim ya kai rabi. Daga nan mai kallo ba shi da wanda zai jingina da shi, ya san kowa zai iya mutuwa. Saboda wannan ne ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga da zarar an fara fim.

The Silence of the Lambs na Jonathan Demme, 1991, yana da fitowar da ya kamata duk mai son koyon tacewa ya haddace. Jami'an FBI sun kewaye wani gida, ɗayansu ya danna ƙararrawa. Aka yanka zuwa cikin gidan mai kisan, ƙararrawa tana ƙara, yana hawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Muna murna an kama shi. Ya buɗe ƙofa, sai ga jarumar, Clarice, ita kaɗai. Ashe jami'an suna wani gida a wata jiha, gidan da babu kowa. Editan bai yi mana ƙarya ba, mu ne muka haɗa hotuna biyu muka yanke hukunci. Demme kuma yana sa 'yan wasa su kalli cikin kyamara kai tsaye idan suna yi wa Clarice magana, sai ka ji kai ɗan wasa Anthony Hopkins ya kafe da ido. Fim ɗin ya cinye manyan kyaututtukan Oscar guda biyar, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Wurin da aka ajiye kyamara shi ma magana ce. Halloween na John Carpenter, 1978, ya buɗe ne da kyamara a matsayin idon mai kisan, muna leƙe ta taga tare da shi, muna hawa bene tare da shi, ba mu da ikon tsayawa. An yi fim ɗin da kimanin dala 300,000, kuma fuskar robar da ta firgita duniya a shago aka saye ta, aka fesa mata farin fenti. Carpenter yana yawan barin fili a gefen hoto ko bayan jaruma, domin idonka ya riƙa bincike. Wani lokaci akwai mutum a tsaye can nesa, wani lokaci babu. Akwai kuma dabarar da aka fara gani a Vertigo na 1958, inda ake jan kyamara baya ana kuma zuƙo hoto a lokaci guda, ko akasin haka, sai mutum ya tsaya yadda yake amma duniyar bayansa ta miƙe. Spielberg ya yi ta a fuskar ɗan sandan Jaws a daidai lokacin da ya ga kifi ya kama yaro.

5. Tsoron me?

Dabara kaɗai ba ta isa ba. Fina-finan da suke daɗewa su ne waɗanda suka taɓa abin da jama'a suke tsoro tun kafin su shiga sinima. Get Out na Jordan Peele, 2017, labarin saurayi baƙar fata ne da ya je gaishe da iyayen budurwarsa farar fata a Amurka. Kowa yana yi masa murmushi, kuma murmushin ne abin tsoron. Makamin da aka kama shi da shi cokali ne ana juya shi a kofin shayi. An kashe dala miliyan 4.5, Peele ya ci Oscar na rubutun labari. His House na Remi Weekes, 2020, mata da miji ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu da aka ba gida a Ingila, abin da ke cikin bangon gidan kuma shi ne abin da suka aikata a hanya domin su tsira. Ringu na Japan, 1998, ya fito da fatalwa daga cikin talabijin, akwatin da ke ɗakin kowa. Living in Bondage na 1992, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar fina-finan bidiyo a kudancin Najeriya, ya karɓu ne domin ya taɓa tambayar da mutane suke yi a ɓoye: wane ya yi kuɗi dare ɗaya, me ya bayar?

6. Abin da ban yarda da shi ba

Akwai fina-finan da ba su da aiki sai yanka naman mutum a gaban kyamara, irin su Hostel na 2005 da jerin da suka biyo bayan Saw na farko. Abin da suke tayarwa ƙyama ce, kuma ƙyama ba ta buƙatar gwaninta. Ina kuma jin zafin yadda wasunsu suke mai da azabtar da mace abin kallo, ko su mai da mai taɓin hankali dodo, alhali mara lafiya ne mai buƙatar kulawa.

Sai maganar yara. A kan waɗannan fina-finai ana rubuta shekarun wanda ya dace ya kalla. Mu kuwa sai yaya ya kunna a waya, ƙaninsa ɗan shekara shida yana leƙe ta kafaɗarsa, ko a kunna a gidan kallo ba a tambayi shekarun kowa ba. Babba ya san shiri ne, zai iya kashewa ya kwanta. Yaro fa? Wanda ya jawo wa ƙaninsa firgita da dare ba wasa ya yi ba. Hukuncin addini a kan kallon kuwa, wannan fagen malamai ne, a gare su za a tambaya.

7. Namu na gida

Yanzu ga tambayar da na san tana ran da yawa daga cikinku: mu fa?

A Najeriya an nuna za a iya. The Figurine na Kunle Afolayan, 2009, labarin wani gunki ne da aka ce yana ba da shekara bakwai na arziki, ya biyo da bakwai na masifa, kuma har fim ya ƙare ba a yanke maka hukunci ba ko gunkin ne ya yi aikin ko makircin mutum ne. A October 1 na 2014, marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda daga Arewa da aka tura wani gari a yammacin ƙasar ya gano mai kashe mata kafin ranar samun 'yancin kai a 1960. Ga agogon Hitchcock nan, sai dai ranar 'yanci ce ta zama agogon. Mami Wata na C. J. Obasi, baƙi-da-fari, ya samu kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance na 2023.

Fina-finan Hausa kuwa, tun Turmin Danya na 1990 masana'antar ta yi nisa a soyayya da barkwanci da rikicin gida, ta kuma rayar da dubban mutane, ba mai musun wannan. Masu kallonmu ma suna son zullumi, ku duba yadda ake rububin fassarar fina-finan Indiya irin su Drishyam. Amma idan aka zo nuna aljani ko maye a yawancin fina-finanmu, kun san abin da ake yi. A shafa wa mutum farar hoda, a zagaye idonsa da baƙi, a sa masa dariya mai amsa-kuwwa, ya harbo wuta daga tafin hannu da kwamfuta, ya ɓace bat, duk da rana tsaka. Me masu kallo suke yi? Dariya. An nuna komai, ba a bar wa zuciya aikin yi ba. Wani lokaci ma an fara ɗaure mai kallo, sai a yanka zuwa waƙa da rawa, igiyar ta tsinke.

Za a ce babu kuɗi. Na faɗa muku kuɗin Paranormal Activity. Za a ce akwai hukumar tace fina-finai, wadda Kano ta kafa tun 2001, da al'ada da addini da ba za su yarda da tsiraici da zubar da jini ba. To ai duk abin da na lissafa tun ɗazu, ƙusa a matakala, inuwa a bango, ƙofa mai motsi, cokali a kofi, wanne ne a ciki ya saɓa wa tarbiyya? Hitchcock ya yi Psycho ne a ƙarƙashin masu tacewa masu tsanani, kuma takurar tana cikin abin da ya sa ya koyi nuna kisa ba tare da nuna rauni ba.

Ku dubi abin da muke da shi. Zaure mai duhu da sai ka ratsa shi kafin ka shiga gida. Lungunan tsohon gari da mutum biyu ba sa iya jerawa. Kangon da aka daɗe ba a shiga ba, tsohuwar rijiya a bayan gida, kukar da ake hana yara zama ƙarƙashinta da magariba. Hazon hunturu da yake haɗiye mutum a taku ashirin. Ɗaukewar wuta, da tocilan ɗin waya da ba ta haska komai sai abin da ke gabanka. Sallama a ƙofar gida da tsakar dare, da muryar wanda ka san yana wata ƙasa. Wasu ƙasashe kuɗi suke kashewa su ƙirƙiri hazo da duhu. Abubuwan da suke hana mu barci na gaske ma ba su da iyaka: matafiyin da dare ya yi masa a hanyar da ake tare mutane, uban da ake kira a waya ana ba shi wa'adi, amaryar da aka kai gidan da kowa yake ɓoye mata wani abu. Waɗannan raunuka ne na mutane masu rai, duk wanda zai taɓa su a fim wajibi ne ya taɓa su da mutunci da tausayi. Haka batun aljanu: mu mun yi imani da samuwarsu, saboda haka mai fim ya kiyayi ɗaukaka boka ko koya wa mutane camfi.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne kada mu jira sai mun samu babbar kyamara. Wayar da ke aljihunka ta isa gwaji. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku shirya fim na minti uku a ɗaki ɗaya, da sharaɗin ba jini, ba hoda, ba siddabarun kwamfuta, kuma ba za a nuna abin tsoron ba. Ku fi ba sauti kulawa a kan hoto, ku nemi wurin da ƙarar janareto ba ta kaiwa. Ku rubuta a takarda, kafin ku ɗauki komai, me mai kallo ya sani a kowane minti wanda jarumi bai sani ba. Sannan ku kunna wa abokai, ku zauna a gefe kuna kallon fuskokinsu. Ina kuma roƙon malamanmu, in da hali, a sa irin wannan gwaji cikin ayyukan da ake ba mu maki a kansu.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.   Wanda yake da tambaya, ko gyara, ko yake ganin akwai fim ɗin da na zalunta ko na tsallake, bismillah, fili nasa ne.